Ɗakin Da Babu Sawu

Kafin rana ta fito labari ya gama layin: keken Mai Burodi ya ɓace a cikin ɗaki kulle.

Satar keke ba baƙon abu ba ne. Yadda wannan ya ɓace shi ya tara mutane. Ɗakin ajiya ne na gidan burodin, inda ake jibge buhunan fulawa. Ƙofarsa ɗaya, tagarsa ɗaya mai ƙarfe, wadda ko kyanwa sai ta matse ciki kafin ta wuce. Jiya da yamma Mai Burodi ya tura keken ciki da hannunsa, ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Da asuba ya buɗe, kwaɗo lafiya lau, keke babu. Ƙasan ɗakin kuwa fari fat da ƙurar fulawa tun daga bakin ƙofa har bango, babu sawun ƙafa ko ɗaya.

Mai Aski, wanda shagonsa ke jikin gidan burodin, shi ya fara furta kalmar. Ya leƙa ta kan kafaɗun mutane, ya ja da baya, ya ce, "Ku daina wahalar da kanku. Wannan gaibu ne."

Yana son kalmar nan ƙwarai. Da ita ya bayyana sanƙon wani direba, da ita ya bayyana dalilin da fanka ke tsayawa duk sanda surukarsa ta shigo. Yau dai ta samu wurin zama, domin kowa ya ga ƙasan ɗakin da idonsa. Matan da suka zo sayen burodi suka maida jakunkunansu ƙarƙashin hammata. Wa zai ci burodin da aljanu suka kwana a kan fulawarsa?

Daga nan sai aka fara waige-waige, idanu suka sauka a kan Baƙuwa. Watannin baya ta zo neman aiki da ƙullin kayanta, aka ba ta shara da wanke tire, aka ba ta ɗan ɗaki a bayan tanderu. Ba ta da surutu, ba ta da kowa a garin, har yau kuma ba wanda ya damu ya kira ta da wani suna. Mai Aski ya tuna wa jama'a cewa ƙararrawar keken nan ta yi shekaru a mace, amma daga zuwan matar nan wata safiya ta kama ƙara da kanta. Sarƙar da ke kuka kamar ƙofar gidan haya ita ma ta yi shiru. Wa ya taɓa ganin ƙarfe ya warke ba magani?

Mai Burodi mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa, amma yau burodinsa na huce a kan tire ba mai saye. Ya ce, ba tare da ya dubi Baƙuwa ba, ta haɗa kayanta kafin rana ta faɗi.

Matarsa ce ta ɗauki waya ta kira yayarsa.

*

Ido-ƙasa ake ce mata. Ta yi aikin gandun daji har ta yi ritaya, tana bin sawun namun daji da na masu shigowa farautarsu a ɓoye, kuma aikin ya bar mata tafiya kai sunkuye. Takan gane mutum da takalminsa kafin fuskarsa. Ta shigo gidan burodin da sandarta, ta gaida silifas ɗin matar ƙanenta.

"Amarya, kin tashi lafiya?"

Amaryar nan tana da jikoki har a makarantar sakandare, amma sunan ya bi ta tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Lafiya ba lau ba, Yaya. Ki yi wa ƙanenki magana kawai. Yarinyar nan ba ta yi komai ba."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ido-ƙasa ta ɗago kai ta dube ta, abin da ba ta cika yi ba, sannan ta wuce ƙofar ɗakin ajiya. Mai Burodi na zaune a kan benci, sanye da riga mai dogon hannu, ga zafin tanderu na dukan bayansa. Da ya miƙe gaishe ta sai da ya dafa bango.

"Auta, an ce aljanu sun koyi hawan keke."

"Yaya, ba abin wasa ba ne. Duba ki gani. Ba wanda ya shiga, na hana."

"Wannan dai ka yi hankali. Ashe akwai ranar da zan faɗi haka."

Ta durƙusa a bakin ƙofa, gwiwoyinta suna ƙara, ta kwantar da kai gefe ɗaya yadda hasken taga zai bi ta kan ƙasa. Ta daɗe a haka. Mai Aski ya matso har numfashinsa na taɓa ɗankwalinta.

"Kin gani ko, Hajiya? Babu sawu. Gaibu."

"Me kake nufi da gaibu?"

"Abin da ido ba ya gani mana."

"Ƙeyarka fa? Idonka bai taɓa ganinta ba."

Aka yi dariya. Mai Aski ya shafa ƙeyar, ya ce ai yana da madubi biyu a shago.

"To ka ga, abin da madubi biyu za su nuna maka ba gaibu ba ne," in ji ta. "Gaibu yana nan, ban musa ba. Ranar mutuwata, da abin da gobe za ta zo da shi, wannan sai Allah. Ko ka tara madubin duniya ba za ka leƙo shi ba. Amma akwai abin da ba a iya sani, akwai kuma abin da ba a tsaya an duba ba. Kalmar babba ce, Mai Aski. Kai kuma ka maida ta tsumman goge reza."

Ta juya ga ƙanenta. "Jiya da yamma ka auni fulawar kwaɓin safe a nan?"

"Kullum haka nake yi."

"Ka taka ƙasa, ko tashi ka yi sama?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Sannan ka turo keke har jikin bangon can. To ina sawunka? Ina sawun tayar da ta shiga?"

Kowa ya sake leƙa ɗakin kamar yanzu aka buɗe shi.

"Kun ce babu sawun ɓarawo. Ni abin da ya dame ni, babu na mai ɗakin ma. An bi ƙasan nan da rariya an tankaɗe fulawa a kai, ana ja da baya har ƙofa. Ga layin hannu nan, a lanƙwashe baka-baka, kamar an yi wa tire barbaɗe. Aljanin da zai ratsa bango me zai kai shi rufe sawu?"

"Wataƙila mai kunya ne," in ji Mai Aski, amma muryarsa ta ragu.

Ta ɗebi fulawar ƙasa da yatsu biyu, ta shinshina, ta ɗora a harshe. Ta yamutsa fuska. Ta sa aka ɗebo mata daga buhun da ke buɗe kusa da ƙofa, ta ɗanɗana ita ma. Ta goge yatsu a zaninta.

"Makullin fa?"

"Bai rabu da jikina ba," in ji Mai Burodi. "Da shi nake kwana."

"Da shi kake wanka?"

"Yaya."

"Tambaya na yi."

Ya kau da kai. Ya ce ko mutum ne ko aljan, wadda ke kwana kusa da ɗakin ita ce dai ke kusa da shi, kuma maganarsa tana nan: kafin faɗuwar rana.

*

Ɗakin Baƙuwa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma a share yake ƙal. Ta riga ta ɗaure kayanta, tana zaune a kan ƙullin. Ido-ƙasa ta duba ƙafafunta, ta duba hannuwanta. A gefen farce akwai baƙin da sabulu bai fitar ba.

"Wannan ba baƙin tire ba ne, 'yata. Baƙin mai ne."

Baƙuwa ta ɓoye hannun a cikin mayafi.

"Kin iya keke?"

Baƙuwa ta ɗago kai. "Na iya, Inna. Babana madara yake kaiwa gidaje. Da ƙafarsa ta samu matsala ni na karɓa, har na yi aure. Da garwa biyu a baya nake hawa tudu."

"Ƙararrawar fa?"

"Tsatsa ce kawai ta riƙe harshenta. Ina shara kullum ina ganinta, abin yana damuna. Ran nan na kwance ta, na wanke da kananzir. Sarƙar ma na ɗiga mata mai." Ta sunkuyar da kai. "Ban faɗa ba, don kada a ce baƙuwa ta fara taɓa kayan mai gida. Da na ji ana cewa aljanu ne sai na ƙara yin shiru."

Ido-ƙasa ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙofa. Ashe gaibun Mai Aski kananzir ne. Amma da dariyar ta lafa sai ta ga abin ba zai taimaki yarinyar ba: ta iya keke, tana son keken, tana kwana taku kaɗan daga inda yake. In maganar nan ta fita yanzu, an daina ce mata mai aljanu, a koma ce mata ɓarauniya.

"In kin bar nan ina za ki?"

"Ban sani ba tukuna."

"To zauna a kan ƙullinki. Kada ki kwance, kada kuma ki ɗauka."

*

Tsakar gidan siminti ne, ba ya riƙe labari. Titin gaba kuwa tun safe ƙafafun 'yan kallo sun tattake shi. Ido-ƙasa ta zagaya ta ƙofar baya, inda famfo ke ɗiga dare da rana ƙasa ba ta bushewa. Nan ta tsaya tana murmushi, irin na wanda ya haɗu da tsohon aboki a kasuwa.

Sawun taya ne, bai fi tsawon zani ba, ya bi ta cikin danshin ya hau kan tsakuwa ya ɓace. Bai nutse ba, ke nan babu kowa a kan sirdi, turawa aka yi. Tayar gaba tana ta lanƙwasa hagu da dama kamar tafiyar mashayi. Ga sawun silifas a gefe, irin wanda rabin garin ke sawa. Amma a gefen dama yake.

Duk wanda ya taɓa hawa keke ta hagu yake tura shi, domin sarƙa tana dama, kuma ta hagu ake ɗaga ƙafa a hau. Wanda ya tura wannan bai san keke ba, kokawa ya yi da shi. Yarinyar da ta hau tudu da garwa biyu ba za ta yi wannan abin kunya ba ko a cikin barci.

Inda tayar ta dosa kuwa, tsallaken lungu, rumfar Faci ce, mai gyaran kekuna.

Ta same shi yana nutsa tib a cikin bokiti yana neman inda iska ke fita. Da ya hango ta ya ƙara dulmiya kai cikin aikin.

"Faci, duk layin nan sun je kallon ɗakin aljanu. Kai kaɗai ban ga sawunka ba."

"Aiki ne ya yi mini yawa, Hajiya."

"Tib ɗin nan tun ɗazu kake juya shi, ba ya kumfa. Lafiyarsa ƙalau."

Ta bi rumfar da ido. Kekuna a rataye, kekuna a jingine, wasu ba kai, wasu ba ƙafa. Wanda zai ɓoye keke, ina ya fi nan? A can ƙurya akwai tamfol da aka lulluɓe wani abu da shi, gindin taya ya leƙo, zanen robar cike da fari.

"Yaushe ka fara sayar da fulawa?"

Faci ya saki tib ɗin a ruwa. "Wallahi ajiya aka ba ni. Ban sata ba. Kuma an sa ni rantsuwa ba zan faɗi mai ajiyar ba."

"Riƙe rantsuwarka, ba na son ka yi kaffara a kaina. Wata tambayar zan yi. Yaushe rabon da ƙanena ya kawo maka gyara?"

Ya sosa wuya. "Kan keken ne ya karkace. Na miƙar. Bayan 'yan kwanaki ya sake kawowa, har da kwandon ya lotse. Ya ce rami ya faɗa."

"A titin da aka yi wa kwalta bara."

"Ni ma haka na ce a raina."

Ta tuna riga mai dogon hannu a gaban tanderu, da hannun da ya dafa bango.

"Bayan la'asar ka zo gidan burodi. Ka zo da abin da ke ƙarƙashin tamfol, ka tsaya a waje sai na kira ka."

*

Ta riga ta yi zato, amma a gandun daji ta koyi cewa zato ba ya kama kowa. Ta shiga cikin gida ta ce Amarya ta ba ta shayi.

Amarya na da tattalin da ya zama abin tsokana a dangi. Zaren buhu ba ya zuwa shara a gidanta, nannaɗe shi take a kan tsinke. Gwangwanin madara ya zama mazubin gishiri, tsohuwar rigar mai gida ta zama tsumma, tsumman ya zama lagwani. Ta kawo shayi ta zauna, tana ta gyara zama kamar tabarmar na da ƙaya. Zaninta na jiya kuwa yana kan igiya, an wanke shi tun safe shi kaɗai.

Ido-ƙasa ta gutsuri burodi ta marmasa, ta watsa wa kajin tsakar gida. Kajin Amarya da ke bin mutum har ɗaki saboda ɓawon gyaɗa suka kalli burodin, suka kau da kai. Suna kwance a inuwa, maƙoƙo tim. A bayan madafa, inda suka yi tono, ƙasa ta yi fari-fari.

"Kajinki sun yi sallama da yunwa."

"Na ba su da wuri."

"Rufin ɗakin ajiya da ya yi yoyo kwanaki, ba buhu guda ya jiƙe ba? Na ji Auta yana cewa a zubar."

"A zubar da rabin buhu?" Amarya ta ce, kafin ta kama bakinta. "Ai kaji sa ci."

"Yana ina?"

Amarya ta dubi bayan ƙofar madafa. Buhun na nan, ya kusa zama fanko. Rariya na rataye a kan ƙusarta, an wanke ta tas.

Suka dubi juna. Idon Amarya ya kawo ruwa, sai kuma dariya ta nemi ƙwace mata, ta rasa wanne za ta bari ya fito.

"Yaya, in na faɗa, sai na faɗi dalili. In na faɗi dalili a gaban mutane, na tona shi. Kin san ƙanenki da girman kai."

"Na san shi tun ba shi da wando. Amma yarinyar can tana zaune a kan ƙullin kayanta."

"Shi ya sa na kira ki."

"Kin kira ni in yi magana, ba in duba ƙasa ba."

"To ai ban san abin zai kai haka ba. Na ɗauka zai ce ɓarayi ne, ya yi faɗansa ya huce."

"Kin cika gyara aiki, Amarya. Da kin bar ɗakin da dattinsa, da yanzu ana zagin ɓarayi lafiya lau."

*

Bayan la'asar Ido-ƙasa ta tara su a gaban ɗakin ajiya: Mai Burodi a kan bencinsa, Amarya a tsaye a bayansa, Baƙuwa a rakuɓe, da Mai Aski wanda ba a gayyata ba amma ya rufe shago ya zo. Sauran 'yan kallo ta sallame su, ta ce aljanin ba ya son taro.

"Na bi sawunsa," in ji ta, "kuma zan faɗa muku halinsa. Na farko, bai iya keke ba. Ta dama ya tura shi, yana tangaɗi. Saboda haka ba wannan yarinyar ba ce, domin ita ta fi ka iya keke, Auta. Ita ta gyara maka ƙararrawa da kananzir, ta sa wa sarƙa mai."

Mai Burodi ya juya ya dubi Baƙuwa, karo na farko a ranar. Mai Aski ya ce, "Kananzir?" a hankali, kamar an yi masa rasuwa.

"Na biyu, ya san lokacin da kake shiga wanka, ya san ƙusar da kake rataye riga. Na uku shi ne babba." Ta ɗebo fulawar ƙasa a tafin hannu, ta miƙa wa ƙanenta. "Kai ne mai sana'a. Shinshina."

Ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tofar. "Wannan ba fulawata ba ce. Warin funfuna take."

"To ka gani. Ɓarawo yana tsaye a tsakiyar buhunan fulawa mai kyau, ɗaya ma a buɗe, yana sauri, yana son rufe sawunsa. Miƙa hannu kawai zai yi. Amma bai iya ba. Zuciyarsa ba ta yarda ya zubar da fulawa mai kyau a ƙasa ba. Sai ya tafi har madafa ya ɗauko wadda ta lalace, ya tankaɗe, ƙwarin da dusar da suka rage a rariya kuma bai zubar ba, ya kai wa kaji. A duk garin nan, mutum da aljan, wa ka sani mai wannan hali?"

Mai Burodi bai juya ba. Wuyansa ne ya fara motsi, sannan a hankali ya ɗaga kai ya kalli matar da ke tsaye a bayansa.

"Ke?"

"Ni," in ji Amarya.

"Keken nawa?"

"Da na wa zan ɗauka?"

Ido-ƙasa ta ƙwala wa Faci kira. Ya turo keken ta ƙofa, ta gefen hagu, yana kallon ko'ina ban da fuskar mai shi.

"Naɗe hannun rigarka, Malam," in ji Amarya. "Naɗe su gani. Ni nake wanke rigunanka, na ga jini a gwiwar hannu. Sau biyu jiri na kayar da kai a titi da asuba, ka ce mini rami. Na ce mu je asibiti, ka ce shayi ne bai ji sukari ba. Na ce ka bar kai burodi, ka ce sai dai in an ɗauke keken. To an ɗauke."

Faci ya yi tari don ya danne dariya. Mai Aski bai danne ba.

Mai Burodi ya zauna yana murza hannun rigar. Kowa na jiran tsawa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Rabin buhun nan, ai cewa na yi a zubar."

"Ga shi na zubar," in ji ta. "A ɗakinka."

Nan dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa daga ciki, har ya dafa gwiwa yana share ido. Amarya ta zauna a gefen bencin tana dariya tana kuka. Sai da abin ya lafa Ido-ƙasa ta buga sandarta a ƙasa.

"Ba a gama ba. Akwai wadda aka kora."

Mai Burodi ya miƙe, ya dafa bango, wannan karon bai ɓoye ba. Ya je gaban Baƙuwa ya cire hula.

"'Yata, na zalunce ki. Kin gyara mini abu, na saka miki da kora. Ki yafe mini. Ki je ki kwance kayanki."

Amarya ma ta kama hannunta. "Nawa laifin ya fi nasa. Tun safe ina ji ina gani."

Baƙuwa ta ce babu komai, ta yafe, amma idonta ba a kansu yake ba. Yana kan keken.

"Gobe asibiti," in ji Ido-ƙasa ga ƙanenta. "Da ƙafarka ko a kan kafaɗata."

"To wa zai kai burodi shaguna? Ga na yau ma jibge."

Ido-ƙasa ta karɓi keken daga hannun Faci, ta tura shi gaban Baƙuwa, ta saki. Kafin ya karkata yarinyar ta cafke shi, ta hagu.

Aka loda burodin safe a kwando da akwatin baya har ya yi tozo. Mai Burodi yana ta ba da umarni, shagon kusa da makaranta tukuna, a yi hankali da kwanar gidan mai, birkin baya sai an matsa sosai. Baƙuwa ta ce ta sani, ita ta ɗaure shi. Ta tattara zani, ta taka feda, ta bi ta ƙofar baya ta wuce famfo, ta kaɗa ƙararrawa sau ɗaya a bakin lungu. Matan da suka gudu da safe suka leƙo daga ƙofofinsu, wata har tana ɗaga hannu a tsaya mata.

Mai Aski ya bi ta da kallo, ya girgiza kai. "Kaya haka, ko tangaɗi babu. Wannan kam..."

"Faɗi mu ji," in ji Ido-ƙasa.

Ya dube ta, ya shafa ƙeya. "Iyawa ce."

Ita kuwa ta riga ta sunkuya a bakin famfo. Sabon sawu ya bi ta kan na jiya ya shafe shi: ya nutse sosai saboda nauyin kaya, tayar baya ta hau daidai kan ta gaba, layi ɗaya miƙaƙƙe har kan tsakuwa.

"Amarya," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "wai yarinyar nan, mene ne sunanta?"

Aka dubi juna. Mai Burodi ya maida hularsa.

"In ta dawo," in ji shi, "ni zan tambaya."